Ni Kaɗai Ke Ɗaga Hannu a Darasin Latin

Goggo Rosalba, don Allah ki taimake ni, na rasa wanda zan faɗa wa.

Ina aji uku na sakandare a nan garin Lecce. Kamar kowane aji, muna da yarjejeniya: kafin malamar Latin ta buɗe rajista ta zaɓi wanda za ta yi wa tambayoyin baka, sai wanda layi ya zo kansa ya ɗaga hannu ya fita, saura su tsira. Ranar layin Ortensia, abokiyar bencina, ta ce cikinta na ciwo, na fita a madadinta. Tun daga nan kowa ya koyi ciwo. Ni kuwa ko gaisuwa zan yi sai muryata ta yi rawa, amma a'a ta fi ƙarfin bakina.

Makon jiya na sake fita. Malama ta ba ni kalmar dissolutio. Na ce suna ne na jinsin mace, a rukuni na uku, dissolutio, dissolutionis, ma'anarsa warwarewar abin da yake haɗe. Ta ce daidai ne, sannan ta cire tabarau ta tambaya ko ni kaɗai ce a rajistar. Ta ce in na ƙara fitowa a layin wani, za ta soke tsarin, ta koma zaɓe da kanta. Jibi layin Ortensia ne, kuma har ta fara dafe ciki. In na ƙi, ina tsoron ta bar bencinmu. Tun firamare muke zama tare.

Ta Bencin Gaba

'Yata, ban taɓa jin mai kunyar da ta fi kowa tsayuwa gaban allo ba sai ke. Ki gaida min cikin Ortensia. Ciwon da ya san jadawalin darasi ba na asibiti ba ne, tsoro ne, kin kuma fi kowa saninsa, don haka kada ki riƙe ta a zuci. Amma malamarku ma da gaskiyarta: kowa za ta ba maki, ba naki za ta yanka ta rarraba ba. In kika fita jibi, ajin duka kika jefa cikin matsala.

Ki gaya wa Ortensia yau, kada ki bari sai an shiga aji. Gobe ki je gidansu, ki zama malama, ki yi ta jefa mata tambaya har ta gaji da ganinki. Jibi kuwa ki zauna a kan hannuwanki biyu. Za ta kumbura, wataƙila har a tashi. Amma ko shida cikin goma ta samu ta haye, kuma nata ne.

Allah ya ba ku sa'a, ya bar ku a benci ɗaya.