Geron Mai Lofe

Zuwa ga aminina, tsohon Baturen gona na ƙasar Tambuwal, wanda mutanen Kebbe suka raɗa wa suna Mai Lofe.

Gaisuwa mai yawa da so da yarda da aminci, tare da fatan kana lafiya kai da iyalinka, kamar yadda muke nan lafiya. Mun gama girbi, Allah Ya ba da albarka. Bayan haka, na aika takardar nan ta gidan wasanku na Ingila, na kuma ba jarida irinta, domin mutane da yawa a nan suna da haƙƙi a cikin maganar. Akwai abin da na ɓoye maka shekara biyu saboda kunya, yau kuwa sai na faɗa.

Ka tuna kalankuwar shekarar da aka sami mulkin kai? Wasan nan na bayan girbi, da samari ke naɗa sarkinsu da alƙalinsu su kwaikwayi kowa da kowa. Ni malamin gona ne a ƙarƙashinka, da mata da 'ya'ya biyu, amma ni nake fitowa a matsayinka: toka a fuska, gajeren wando, karan dawa a baki maimakon lofe. An ce mana ka tafi Dogondaji duba shanun huɗa. Ina tsakiyar fili ina tafiyar nan taka ta zalɓe a fadama, ina ihu "Taki! A sa taki!", sai na ji dariya ta ɗauke ɗif. Na waiga, ga ka tsaye a gindin tsamiya. Wallahi a raina na yi sallama da aikin gwamnati.

Ka tuɓe takalmi, ka ari malafar wani, ka shigo fili ka zama ni. Yadda nake maka tafinta, ka faɗi kalma biyu ni in share rabin awa har da karin magana. Yadda nake sosa ƙeya ina cewa "To, ranka ya daɗe" alhali ban yarda ba. Sarkin Noma, dattijon da ko a biki ba a ganin haƙoransa, sai da aka riƙe shi. Hajo matata ta yi dariya har goyonta ya farka.

Bayan kwana kaɗan, muna kan dawaki a hanyar Fakku, ka buɗe mini cikinka. Ka ce tun kana makaranta wasan kwaikwayo kake so, mahaifinka ya hana. Ga shi Gwamnatin Jihar Arewa ta ce ka ƙara shekaru da ita, da gida da albashi. Ka ce in faɗa maka gaskiya: ka zauna, ko ka koma gida ka gwada sa'a? Ni kuwa da bakina da ba ya shawara da kaina na ce, kowa da kiwon da ya karɓe shi. Na ce shekara biyar muna yawon gonaki ban taɓa ganin fuskarka ta yi haske irin na ranar nan ba. Na ce ka tafi.

Ka tafi kuwa. Ni aka bari da mutanen gari.

Ka san a wurinmu wasa na bayan girbi ne, ba wanda ke ciyar da gida da shi. Hajo ta ce, "Kai kar raba bawan Allah da abincinai." Duk wanda ya tambaye ni labarinka, da harara yake tambaya. Takardunka na farko ma ba su taimake ni ba. Ka ce an ba ka matsayin mai buɗe ƙofa a wani wasa, magana ɗaya tak kake yi ka fita. Ka ce da rana kana sayar da littattafai a kantin wani. Daga nan shiru, har damina biyu. In na kwanta hutawa da rana, sai in ga mutumin da ke da mota da kuku ya koma buɗe wa mutane ƙofa, kuma ni na jawo. Na ji tsoro ƙwarai, aminina.

Ana nan, cikin marka, ɗan aike ya kawo mini ambulan daga Tambuwal. Ruwa ya jiƙa shi a mashigin gulbi, tawada ta narke, ko kalma ɗaya ba ta karantuwa. Hoto kawai ya tsira. Innalillahi! Kai ne zaune a ƙasa cikin tsumma, ba takalmi, gemu buzu-buzu, ga sanda a hannu, ido ya faɗa. Na kai wa Sarkin Noma. Ya daɗe yana dubawa, sannan ya ce, "Wanga mutum ya sha ruwanmu. Ba mu barin shi hakanan."

Da aka yanke gero, ba wanda na roƙa. Dammuna suka riƙa shigowa gidana, daga Kebbe, daga Fakku, har daga rugagen da ka taɓa yi wa shanunsu allura. Wata tsohuwa da ba ta da gona ta kawo daddawa ƙunshe a ganye, ta ce ai Mai Lofe ba ya cin tuwo ba miya. Mata suka sussuka, ya tashi buhu uku. Baduku ya ɗinka maka takalmi. Hajo ba ta ƙara yi mini gori ba, kuma wannan ya fi gorin ciwo.

Na ɗora kaya a jakuna zuwa Tambuwal, daga can babbar mota zuwa Sakkwato, na shiga tsohon ofishinku ina tambayar yadda ake aika hatsi Ingila. Wata Baturiya mai buga tafireta, da ba ta daɗe da dawowa daga hutu ba, ta ce in nuna mata wanda za a aika wa. Tana ganin hoton ta dafe ƙirji, ta kira sunanka na yanka. Ta ce duk mako kana fitowa a talabijin ɗin ƙasarku a matsayin likitan ƙauye, uwarta ko baƙi ta yi sai ta kalla. Ta ce tsumman nan kayan wasa ne, kai ne babban ɗan wasa a wani babban gidan wasa, mutane na layi cikin sanyi su gan ka. Sannan ta leƙa taga ta ga buhuna uku da takalmi a kai. Ta fara dariya, dariyar ta koma hawaye.

Ni kuwa na zauna a kan buhu na yi duka biyun tare. Ni Labbo, da na shekara ina shafa toka ina zama wani, hoto ya ci ni da yaƙi! Amma in ji kunya in ji daɗi, daɗin ya fi yawa. Tun ranar da ka hau mota ban numfasa irin na ranar nan ba.

Na komo da gero Kebbe na ce kowa ya zo ya ɗauki nasa. Suka ƙi. Sarkin Noma ya ce abin da anka ba baƙo ba a maishe shi. Sai ya yanki fili a bakin fadama, muka shuka geronka da gayya. An gina maka rumbu. Duk wanda irinsa ya ƙone a farkon damina, can yake ɗiba. Bana an cika shi har an yi saura. Yanzu ka sani, kana da gona a Kebbe, kuma, ka yi haƙuri, ba mu sa mata takin kanti ba.

Ƙanena da ke aiki a Kaduna ya ce ya gan ka a talabijin da farar rigar likita, har ka yi ƙiba. Ni na yarda. Amma akwai tsofaffi a nan da har gobe suke cewa Baturiya ta rufa maka asiri ne kawai, wai ba a kwaikwayon yunwa har ido ya faɗa. Tsohuwar nan mai daddawa duk Juma'a sai ta tambaye ni ko ka samu na sawa. Don Allah, don zumuncin da ke tsakaninmu, ka aiko wani hoton. Ka tsaya a ƙofar gidanka, da riga mai kyau, da takalmi ƙafa biyu, in da hali da akushin abinci a gabanka. Ka bar tsohuwar ta kwana da kwanciyar rai.

Allah Ya ƙara maka ɗaukaka a sana'arka, Ya ba ka lafiya da yawan rai, Ya raba ka da tsumma sai na wasa. Allah Ya sake haɗa fuskokinmu da alheri. Hajo tana gaisuwa, Kebbe duka tana gaisuwa.

Haza wassalam.

Ni ne amininka,
Labbo Malamin Gona, Kebbe.