Yayana ya ce in zaɓa masa jirgi, ni kuwa na taɓa zaɓar jirgi sau ɗaya

Assalamu alaikum Admin da 'yan wannan zaure. Don Allah a saka min wannan ba tare da sunana ba. Na daɗe ina karanta abin da ake rubutawa a nan ban taɓa cewa uffan ba, ko a aji ma ba na ɗaga hannu, amma yau kwana huɗu ke nan ban ci abincin kirki ba, kuma babu wanda zan iya faɗa wa a gidanmu. Don Allah ku ba ni shawara, ku ɗauke ni kamar ƙanwarku.

Ni 'yar aji biyar ce a sakandare. Ƙauyenmu yana ta wajen Zakirai, irin wanda gona take farawa daga bayan dangar gida. Gidan mahauta ne. Babanmu ya rasu ina ƙarama, sai yayyena tagwaye, Yaya Hassan da Yaya Hussaini, suka ci gaba da fawa. Shekara goma Inna ta yi bayan su ba ta sake haihuwa ba sai ni, don haka Gambo ake ce min, kuma faɗin wannan ba zai tona ni ba tunda duk wadda ta biyo tagwaye haka ake kiranta. A wajenmu ana cewa bakin Gambo ba ya faɗuwa ƙasa banza. In za a sayi dabba ranar kasuwa, a kafaɗa suke ɗora ni su ce in nuna, ni kuwa in nuna wadda kunnenta ko launinta ya burge ni. Na taɓa nuna wata ramammiyar tunkiya kowa yana dariya, ta zo ta haifi uku, shi ke nan magana ta zauna. Na san wasu za su ce camfi ne, ni ma malamin Islamiyyarmu ya faɗa mana haka, amma haka na tashi na gani.

Ina da shekara tara ƙanwar Inna ta haihu a wani gari da ke tsallaken dam. Inna ta tafi tun ana jibi suna don ta taya aiki, mu uku muka biyo ranar suna da ragon da za a yanka. A bakin ruwa kwale-kwale biyu ne. Ɗaya tsoho ne ƙarami, na wani dattijo mai tuƙi da doguwar gora, katakon ya yi baƙi, an liƙe wasu wurare da kwalta. Ɗayan sabo ne fil, babba, shuɗi, ga inji a baya, har ƙamshin fenti yake yi. Mai injin ya ce shi ba ya ɗaukar dabba, sai Yaya Hussaini ya ja ragon ya gangara can ƙasa wajen tsohon. Yaya Hassan ya kama hannuna za mu bi shi, ni kuwa na zube ina birgima da sabbin kayana, na ce sai dai shuɗin. Ya ce, "Gambo tashi mana, kin ga fa ya cika." Wata mata daga ciki ta ce, "Kai ɗan nan, ana musu da Gambo ne? Miƙo min ita nan." Aka yi dariya. Yaya Hassan ya ɗaga wa Yaya Hussaini hannu daga nesa alamar ya wuce kawai, muka shiga.

Ba zan iya rubuta duka ba. Abin da na riƙe shi ne ruwa ya fara taɓa sabon takalmina, na ɗage ƙafa don kada ya ɓaci, ban gaya wa kowa ba. Injin ya yi tari sau biyu ya mutu, mata suka miƙe gaba ɗaya suka koma gefe guda, kwale-kwalen ya kife. Yaya Hassan ya ɗora ni a kan wata jarka ya ce in rungume, kada in saki ko wa ya kira ni. Ya juya wajen matar nan da goyonta. Sai washegari aka samu gawarsa. Tsohon kwale-kwalen kuwa ya sauke Yaya Hussaini da rago lafiya lau, dattijon mai gorar ne ma ya dawo ya tsamo ni.

Ga abin da ban taɓa faɗa wa kowa ba. Yaya Hussaini bai ji birgimar da na yi ba, yana nesa. Har yau shi a zatonsa ragon ne ya cinye wuri shi ya sa ba mu biyo shi ba, na sha jin yana cewa da ya bar ragon nan a gida da tare za mu hau. Shekara bakwai yana ɗauke da laifin da nawa ne, ina kallo, na kasa buɗe baki. Matar da ta ce a miƙo ni ita ma ba ta fita ba, don haka babu mai shaida sai ni.

Bayan sadakar arba'in Inna ta sa Yaya Hussaini ya yi mata alƙawari ba zai ƙara hawa ruwa ba. Ya kasa zaman garin, ya tafi Legas, ya samu aikin gyaran nama a kicin ɗin wani otal, daga baya ya ce an ɗauke shi aiki a wani otal ɗin a ƙasar waje. Ya aiko min da waya, duk Juma'a in na dawo daga makaranta yana kira ta bidiyo in riƙe wa Inna. Ni mutum ce mai kallon bayan mai magana, ba fuskarsa kaɗai ba. Na lura carbin da ya rataye a bango yana lilo alhali babu fanka, shayin da ke kofinsa yana karkata ya dawo, tagar ɗakin kuma zagayayya ce kamar faifai. Wata uku ina gani kafin na yi ƙarfin halin tura masa saƙo na ce, Yaya ruwa kake kai ko? Sai ya rubuto, "Ke dai idonki kamar na shaho." Ashe jirgin ruwa ne na masu yawon shaƙatawa a teku, shi yake rarraba musu nama a kicin. Ya haɗa ni da Allah kada Inna ta ji. Tun daga nan in ya kira sai in karkata wayar yadda tagar ba za ta fito ba. Ranar da Inna ta ce, "Wai wannan otal naku rawar sanyi yake yi ne?" ni ce na yi saurin cewa netwok ne.

To yanzu kwantiraginsa ya zo ƙarshe, kamfanin ya ba shi zaɓi, ko ya sabunta a jirgin da yake, ko a mayar da shi wani sabo da suka kawo. Ya turo min hotuna da bayani na kowanne.

Wanda yake ciki tsoho ne, ya ce jirgin ya girme shi. Ƙarami ne, baƙin da yake ɗauka ba su kai jama'ar masallacin Juma'armu ba, yawanci tsofaffi ne masu karanta littafi a rana. A hotunan na ga tsatsa tana ɓullowa ta ƙarƙashin fenti a gindin ƙarafuna, kamar yadda gishiri yake cin gindin katanga. In iska ta taso yana tangaɗi har tukwane su zame, kuma ya taɓa gaya min injin ya mutu musu a tsakiyar teku tun hantsi har la'asar. Amma a can kowa ya san kowa, har kyaftin yana kiransa da sunansa. Yana da taga. Saboda ƙanƙantar jirgin yana shiga ƙananan garuruwa, yakan sauka ya nemi masallaci. Sannan akwai wani dattijo, Baba Iddi, Bahaushen Kumasi, shi ne shugabansa a ɓangaren nama, tare suke salla a bayan ɗakin sanyi. Lokacin da zazzaɓi ya kayar da shi Baba Iddi ne ya lura bai fito ba, ya buga ƙofa, ya yi jinyarsa. Na taɓa gaishe shi a waya, ya ce min, "Jikata, yayanki akwai taurin kai, amma wuƙarsa ba ta ƙarya."

Sabon kuwa ni ban ma yarda jirgi ba ne da farko. Benaye ne a kan benaye, akwai kasuwa a ciki, da asibiti, da wurin wasan yara, har da itatuwa masu rai. Ya ce mutanen ciki sun fi na garinmu da ƙauyukan gefe a haɗe. Ba ya tangaɗi, ka ajiye kofi cike ba zai zube ba, komai na ceto sabo ne, kuma netwok yana da ƙarfi, in ya kira Inna ba za ta ga komai ba sai otal. Amma ɗakin ma'aikata irinsa yana can ƙasa, ƙasa da fuskar ruwa, babu taga, bango kawai ke tsakaninsa da teku. Ma'aikatan suna da yawan da da kati ake gane mutum, wani abokinsa da ya koma can ya ce wata biyu bai san sunan wanda suke kwana ɗaki ɗaya ba saboda in wannan ya shigo wancan ya fita. Ni abin da ya tsaya min, in ya kwanta ciwo a wannan ramin wa zai buga ƙofa? Kuma a hoton farko da ya turo, gindin jirgin shuɗi ne.

Bayan ya gama bayani sai ya ce, "Gambo, nuna." Kamar yana min wasa, kamar muna kasuwar dabbobi. Na ce ya yi istihara, ya ce ya yi sau uku zuciyarsa ba ta karkata ko'ina ba. Na ce ya tambayi Baba Iddi, ya ce ya tambaya, tsohon ya ce shi ba ya zaɓar wa ɗan wani ruwa. Na ce to ya dawo gida gaba ɗaya, a nan ne muka yi faɗa, faɗanmu na farko. Ya ce ba zai iya wuce bakin dam ɗin nan kullum ba, teku ta fi masa sauƙi don ita ba ta ci masa kowa ba. Ya ce ni kaɗai ce na san inda yake a duniya, in ni ma na ƙi shi wa ya rage masa. Ya ce tun ina ƙarama ban taɓa nuna abu ya ɓaci ba. Na kashe wayar, don na ji in na ƙara minti ɗaya zan faɗi abin da ba a mayarwa.

Tun ranar ba ni da sukuni. An aike ni niƙa, ƙarar injin ta zama irin ta wancan injin, na tsaya a bayan rumbun mutane da ƙwarya a ka har layi ya ƙare. A aji malam yana rubutu a allo ni kuma ina jin sanyi a tafin ƙafata, sai na leƙa ƙarƙashin benci. In na ce tsohon, shi ne fa injinsa ya taɓa mutuwa a tsakiyar ruwa, kuma na san abin da ke biyo bayan mutuwar inji. In na ce sabon, to na maimaita ke nan, yatsa ɗaya, 'yan'uwa biyu.

Jiya muna sheƙar gero a tsakar gida, mai tallan atamfa ta shigo ta baje kaya. Inna ta ce in ɗauki ɗaya, na ce duk wadda ta ba ni. Bayan matar ta fita Inna ta ce, ba tare da ta ɗago daga kan faifai ba, "Ke da kike nuna abu tun ba a tambaye ki ba. Ko cokali aka ajiye miki biyu yanzu sai kin jira an miƙo miki ɗaya. Kina zaton ban san ranar da kika daina ba?" Ban san iya abin da ta sani ba, ko ta san na bakin ruwa, ko ta san na waya, ko dai kawai uwa ce.

Jama'a, ya zan yi? In gaya masa gaskiyar abin da ya faru a bakin dam, ya san ba rago ba ne, ya san bakina ya taɓa faɗuwa, ko da zai tsane ni yana can shi kaɗai a tsakiyar ruwa? Ko in faɗa wa Inna, in karya amanarsa, ita ta kira shi gida? Ko in rufe ido in zaɓa? In akwai wanda ya taɓa aiki a irin waɗannan jirage ko ɗan'uwansa yana yi, don Allah ya faɗa min tsakani da Allah wanne ya fi aminci ga ma'aikaci, ba ga baƙo ba, tsoho ƙarami ko sabo babba. Malamai kuma ku faɗa min, yarinya 'yar shekara tara tana da alhakin rai? Na san komai ƙaddara ne, na sha faɗa wa kaina, amma ƙaddarar ta bakina ta bi.

Kuma kada ku ce in yi shiru kawai, na yi wannan tunanin. Ɗazu ya turo saƙo cewa Litinin ce ranar ƙarshe, duk wanda bai sa hannu a kan tsohon ba kamfani zai mayar da shi sabon kai tsaye. Ya ce in bai ji daga gare ni ba, to zai ɗauka sabon na nuna masa.