Zuciyar da ke Sharaɓa

Daren Talata, Kaura

Yau takalmi ya ƙi shiga saboda kumburi, 'yata Hadiza ta ja ni asibiti. Likita ya ce, "Baba, ai sharaɓarka zuciya ce ta biyu, ita ke tura jini sama in kana tafiya. Zama zai kashe maka ƙafa."

Na yi tsaki. Shekarun da na yi ina koyar da kimiyya, ban taɓa jin haka ba. Amma tun da hanyar gonata ta gagara saboda rashin tsaro, kwanciya ce aikina.

Da la'asar na sallami mai kabu-kabun da ya zo ɗaukata, na taka har tashar jirgi. Yanzu na latsa idon sawu, yatsa bai nutse kamar jiya ba. Zuciyar ƙirji ta gaji da ƙasar nan, ta sharaɓa kuwa da sauran ƙarfinta. Gobe har kasuwar hatsi, in sha Allah.