Makullin da Na Ba Mutumin da Ya Tsamo Mijina

Gwaggo Borghild,

Don Allah ki taimake ni, kada ki ajiye wasiƙar nan a ƙasan tari, domin saura kwana goma babban taronmu na shekara. Na rasa inda zan sa kaina. Shekarata sittin da uku, ban taɓa rubuta wa jarida komai ba in banda sanarwar rasuwar mijina.

Ni ce shugabar ƙungiyar wasanni ta tsibirinmu. Kada sunan ya ruɗe ki, tashi na yi ɗauko kofi, kafin in dawo an zaɓe ni. Abin da muka mallaka ɗaya ne, gidan ninkaya, wanda muka gina da aikin gayya shekara goma sha tara da suka wuce. Kowa ya san layin tayil ɗin da ya manna. Mijina Torleif shi ya yi gefen zurfi, har yau a karkace yake. Rabin kuɗin ginin tallafin hukuma ne, kuma mun sa hannu a kan sharaɗi: ba a ba ɗan kasuwa wurin sai da rubutacciyar yarjejeniya, da haya daidai da ta kasuwa, da amincewar babban taro. In muka saɓa, suna iya cewa mu mayar da tallafin, in kuwa suka faɗa, sai dai mu rufe. Babu gida a tsibirin nan da ruwa bai ci masa mutum ba, kuma nan kaɗai yaranmu ke koyon iyo.

Shekara shida ke nan da kwalekwalen Torleif ya kife a bakin mashigi. Masu ceto suka yi kwana uku suka haƙura. Eskil, mai shagon kayan nutso kusa da tashar jirgin fito, shi bai haƙura ba. Kwana goma sha ɗaya yana shiga ruwan Nuwamba mai sanyin ƙanƙara, ba wanda ya aike shi, har ya fito mini da shi. Albarkacinsa nake da kabarin da nake kai wa fure.

Kin san halinmu, ba mu iya faɗin abin da ke zuciya ba. A wurin jana'iza na miƙa masa hannu na ce kofi yana ciki, ya shiga ya sha, ya ce to. Iyakar maganar da muka taɓa yi a kai ke nan.

Shekara biyu da suka wuce na ji a kanti ana cewa Eskil zai rufe shagonsa, don ba shi da inda zai koya wa sababbi nutso da hunturu. Na yanko makulli na biyu na gidan ninkayar na je na ajiye masa a kan kanta, na ce safiyar Lahadi ba kowa a ruwan. Ya tambaya ko kwamiti ya sani, na ce kwamiti ya yarda. Gwaggo, ƙarya na yi, ko kujerun ɗakin taro ba su ji zancen ba. Ya ce nawa zai biya, na ce ya riƙa duba mana injin tace ruwa, mu ɗauka gayyarsa ce. Tun daga lokacin injin bai sake tsayawa ba. Kowa yana ganin motarsa a ƙofa duk Lahadi, kowa ya kau da kai, kowa yana zaton wani ne ya ba da izini.

Shi kuma bawan Allah, da zuciya ɗaya ya sa hoton ruwanmu a tallarsa ta intanet, Jamusawa uku a ƙarƙashin ruwa goye da tukwanen iska a baya, ga farashi a rubuce. Wani a ofishin tallafi ya gani. Sun rubuto mu aika da yarjejeniyar hayar da shafin littafin taro cikin mako uku.

Tare muka buɗe wasiƙar da Gunvor, sakatariyarmu, ƙawata tun muna 'yan mata. Ta cire tabarau ta ce, “Ke, wane taro aka yi ba ni, ni da ban yi fashi ba ko ranar da aka cire mini haƙori?” Na roƙe ta ta ƙara layi biyu a shafin wancan lokacin. Ta ce littafin taro ba allon 'yan firamare ba ne, ta ɗauki jakarta, ta bar wainar da na toya mata ko jan cukun da ke kai ba ta taɓa ba. Ba ta sake leƙo ni ba.

Yanzu gaba kura, baya sayaki. Ko in ƙaga takarda da kaina in sa tsohon kwanan wata, ko in je wurin Eskil in karɓe makullin in ce masa hukuma ce ta hana, in bar shagon ya mutu. Abinci ba ya shiga. Jiya na hango shi yana saukar da kaya, na koma da baya kamar ɓarauniya. Yaya zan yi kada a rufe mana ruwan nan a sanadina?

Mai Makulli Biyu

*

'Yar'uwa,

Zauna ki sha ruwa tukuna. Hanyoyin nan biyu da kika lissafa duk ki watsar. Takardar bogi ita ce za ta mai da kuskure laifi, ta jawo Gunvor da Eskil ciki. Gunvor ta yi miki gata da ta ƙi, ki toya wata wainar ki kai mata.

Ki sake karanta sharaɗin da idon da bai yi kuka ba. Yadda kika faɗe shi, bai hana haya ba, abu uku ya nema, kuma dukansu ana iya yinsu yanzu. Ki kira lauyan haɗaɗɗiyar ƙungiyar wasanni ta yankinku ki karanta masa takardar. Sannan ki rubuta wa ofishin gaskiya: babu yarjejeniya, ni na ba da izini ni kaɗai, ga yadda za mu gyara. Ki tambaye su ko aikin injin zai iya shiga cikin haya in an rubuta shi. Ba zan yi miki alkawarin za su yafe ba, amma wanda ya kai kansa ba ɗaya yake da wanda aka kamo ba, kuma ban ga ribar da za su ci da rufe wurin da suka taimaka aka gina ba.

Laifin ba naki ba ne ke kaɗai. Ɗan kasuwa ya kamata ya nemi takarda, kuma tsibiri guda ya yi shekara biyu yana kallon gefe. Amma ke kika ce kwamiti ya yarda, don haka ke za ki miƙe a taro ki faɗa. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Ki kawo shawarar haya a rubuce, ki fita waje lokacin ƙuri'a. Wataƙila ki rasa kujerar, da ma ba ki nema ba.

Kafin duk wannan, ki je shagon gobe da safe. Kada Eskil ya ji a bakin wani. Ki gaya masa ƙaryar, ki karɓi makullin har a yi taro. Ina zaton mutumin da ya jure ruwan Nuwamba kwana goma sha ɗaya zai jure gaskiya ta minti biyar.

Abin da na gani a wasiƙarki shi ne, shekara shida kina ɗauke da godiya, bakinki ya kasa, sai kika biya da abin da ba naki ba. Ruwan nan na duk wanda ya manna tayil ne, har da mai karkataccen layi. In kin je, kada ki ce masa kofi yana ciki. Ki ce, “Eskil, na gode da ka dawo mini da Torleif.” Wannan ba ya bukatar amincewar kwamiti.

Allah ya ba ki ƙarfin zuciya, ya bar wa yaranku ruwansu.

Gwaggo Borghild