Manhajar Da Na Yi Wa Mahaifiyata Ta Fi Ƙarfina

Goggo Tsvetana, ki taimake ni, abu ya girme ni.

Da idon mahaifiyata ya mutu, na rubuta mata 'yar manhaja mai karanta rubutu da murya, don ta riƙa jin jarida tana shan kofi. Na sake ta kyauta a intanet, kowa ya ɗauka, kowa ya gyara. Na ma manta da ita.

Yau tana magana da harsunan da ban taɓa jin sunansu ba. Wani dattijo makaho daga tsaunukan Peru ya aiko min da saƙon murya, yana dariya yana kuka, wai ya ji wasiƙar jikarsa da yarensu. Na tsaya a kasuwar Plovdiv riƙe da jakar barkono, ina sauraron saƙon. Ni, Goggo? Daga teburin girkinmu?

Amma roƙo ba ya ƙarewa, wannan na son fassara, wancan na son ta gane hotuna. Abokin aikina Radoslav kullum cewa yake in daina tsoro kamar kaza, mu haɗa komai. Mun yi ta lafta mata kaya har tsohuwar kwamfutar mahaifiyata ta daina ɗaukarta. Tsohuwa ta ce wai na ba duniya baki, na bar uwata da shiru. Da wasa ta faɗa, ni kuwa ban yi dariya ba. In na ce ya isa, ban ci amanar mutanen nan ba?

Mai Mamaki, Plovdiv

'Yata,

Sai da na cire tabarau na share ido kafin in amsa miki. Kin yi abin da ba kowa ake ba wa ikon yi ba.

Radoslav ba maƙiyinki ba ne, masu roƙon nan buƙatarsu gaskiya ce. Sai dai yawancin makafin duniya tsofaffin na'urori gare su, kamar mahaifiyarki. Duk nauyin da kuka ƙara, akwai wanda kuka rufe wa ƙofa, shi kuwa ba zai rubuto ƙorafi ba.

Ki fito fili ki rubuta abin da manhajar za ta yi da abin da ba za ta taɓa yi ba. Ki rage mata kaya. Radoslav ya kwafi manhajar ya ja nasa reshen, ya gina babbar, ki sa masa albarka. Don haka kika bar ƙofar a buɗe, kowa ya ɗauka ya gyara. Ki nemi amintattu biyu ko uku ku raba riƙon, don ranar da kika kwanta ciwo kada komai ya tsaya.

Wasu za su yi fushi. Ki bar su, su ma suna da hannuwan da za su gina tasu.

Allah Ya ƙara wa tsohuwa lafiya, ke kuma Ya ba ki ƙarfin cewa a'a.

Goggo Tsvetana