Na goge a kwamfuta, ashe yana nan a shafi

Malam, don Allah ka taimaka mini da shawara. Babban tashin hankalin ya wuce, alhamdulillahi, amma akwai ragowar da ta tsaya mini a rai. Ka yi haƙuri da rubutuna, ban yi nisa a makaranta ba.

Ni mai gyaran keken ɗinki ne. Shekarata goma sha ɗaya a shagon mutumin da ya koya mini aikin tun ban iya riƙe sukundireba ba. Baba nake ce masa. Bara na buɗe ɗan shafi a intanet, ina rubuta wa teloli yadda za su kula da kekunansu: me ke sa zare tsinkewa, me ke sa ɗinki tsallake, irin waɗannan dai. Da farko a waya nake rubutawa cikin shafin, sabis ya ɗauke, rubutu ya tafi, in sake daga farko. Sai mijin yayata ya ba ni tsohuwar kwamfutar tebur, ya haɗa manhajar rubutun da ke cikinta da shafina. In na gama, maɓalli ɗaya zan danna, rubutu ya hau. Daɗin abin ya sa na daina leƙa shafin gaba ɗaya.

To ina da wata ɗabi'a. Kafin in fara darasi, nakan zuba abin da idona ya gani a shago a saman takardar, don hannuna ya warware, daga baya in share. Kamar telan da ke zuba wa keke man girki, ya zo yana rantsuwa bai taɓa ba, alhali keken ƙamshin suya yake yi.

Ranar Talata ina rubuta darasin saita allura, sai na rubuta a sama abin da ban taɓa faɗa wa kowa ba. Idon Baba ya yi rauni. Wata takwas ina lura. Sai ya kai zare bakin allura sau biyar, sannan ya ce hasken shagon ne bai isa ba. In ya saita keke ya fita cin abinci, nakan kwance in sake saitawa kafin mai shi ya zo, in mayar da sukundireba inda ya ajiye ta. Duk na rubuta. Ana haka wani tela ya shigo da gaggawa, na kai hannu in ajiye rubutun, ashe maɓallin wallafa na danna.

Washegari na buɗe takardar na ga ɗan layi a samanta yana cewa an wallafa. Gumi ya keto mini. Nan take na goge takardar daga kwamfuta, har kwandon sharar na zubar, na yi ajiyar zuciya. A tunanina tunda daga nan ya fita, in na kashe shi a nan ya mutu a can. Kwana uku rubutun yana zaune a shafi, teloli na karantawa, ni kuwa ina ta fito abina.

Babbar 'yar Baba, wadda nake kira Yaya, ita ta buga mini waya tana tambayata tun yaushe na zama likitan ido. Ta ce wani tela ya tsokani Baba da maganar, Baba ya sa ta karanta masa, daga sama har ƙasa. A ranar mijin yayata ta jini, wanda ya ba ni kwamfutar, ya zo ya sauke rubutun, yana yi yana dariya, ni ko ruwa na kasa sha.

Ranar Asabar na tafi shago da buhu a naɗe a hammata, don na kwashe kayan aikina in an sallame ni. Baba ya shigo da sabon tabarau a fuska. Teloli suka yi ta ce masa farfesa. Shi kuwa ya zauna ya saita keke, sannan ya turo mini shi, ya ce in duba a gabansa, ba sai na jira ya tafi cin abinci ba. Ya ƙara da cewa ya daɗe da sani, domin ni bahago ne, kullum sai ya tarar da mariƙin sukundirebarsa yana kallon hagu. Malam, ban san lokacin da hawaye ya zubo mini ba.

Yanzu Yaya ta ce lallai in rubuta ban haƙuri a shafin, kowa ya gani. Mijin yayata ya ce in ja bakina, magana ta mutu. Ni kuma tsoron maɓallin nan nake, har ina tunanin a raba kwamfutar da shafin. Wanne zan yi?

Bahagon mai gyara

*

Ɗan'uwa, barka da arziki. Ka samu maigida na gari, ka riƙe shi da kyau.

'Yar Baba tana da gaskiya: a gaban mutane aka taɓa mutuncin mahaifinta, ba laifi ba ne ta so a gyara a gabansu. Amma ka duba abin da ban haƙurin zai yi. Wanda bai karanta na farko ba zai fara tambayar me ya faru, idon Baba ya sake zama abin hira. Shi ma mijin yayarka bai cika daidai ba, shiru ba ya wanke laifi. Wanda ka yi wa laifi mutum ɗaya ne, kuma yana zaune kusa da kai kullum. Ka same shi ku biyu, ka ba shi haƙuri da bakinka, ba don rubutun kaɗai ba, har da wata takwas ɗin da ka yi kana gyara a bayan idonsa. Niyyarka mai kyau ce, amma da tun farko ka faɗa masa, da tabarau ya daɗe da zuwa. Sannan ka tambaye shi ko yana so ka rubuta wani abu a shafin. Abin da ya ce shi za a yi, kuma ka sanar da Yaya cikin ladabi.

Batun maɓalli kuwa, kada ka raba komai. Ba shi ya rubuta sirrin ba. Abin da idonka ya gani a shago ka buɗe masa takarda daban wadda ba a haɗa ta da shafi ba. Ka sa mijin yayarka ya nuna maka yadda ake tura rubutu ya tsaya a ɓoye, sai ka amince sannan ya fito. Duk ranar da ka wallafa, ka buɗe shafin a waya ka karanta kamar baƙo. Kuma ka riƙe wannan: abin da ya hau shafi, a shafi ake sauke shi.

Buhun nan kuma ka mayar da shi gida. Allah ya ƙara wa Baba lafiya da hasken ido, kai kuma ya yi wa hannun hagun nan albarka.