Abin da na samu a aljihun kaftaninka

Baban Mastura,

Mun fita tun ƙarfe bakwai, ban tashe ka ba.

Ranar Asabar ka ce mota ta lalace a Ogba, shi ya sa ba za ka kai yara yawo tsibirin Eko ba. Mastura da Saminu sun zauna a ƙofar gida da kayan Sallarsu har azahar. Ni na ce musu laifin mota ne.

Jiya da zan ba da wanki na zazzage aljihun farin kaftaninka. Akwai tikiti huɗu na gidan tarihin Onikan, ɗauke da kwanan watan Asabar ɗin. Akwai kuma takardar da na tsara mana da hannuna: gidan tarihi da goma, tsofaffin gine-ginen Turawa, sallar azahar, sannan bakin teku. Ka sa wa kowane layi alama da jan biro. Matar Iliyasu abokin aikinka ta ce 'ya'yan oganku Alhaji Abdulgani, sabon kansila, ka kai, su uku. Ta ɗauka na sani.

Tikitocin na ƙarƙashin kofinka. Takardar na ɗauka, ita za mu bi, a danfo, motar haya. Shayi na cikin fulas.

Za mu dawo kafin magariba, ka kasance a gida. Sau biyu Mastura ta tambaye ni ko an gyara motar. Na ce ta tambaye ka da bakinta, kuma ina wurin za ka amsa mata.

Rahmatu